Iya Lati da Ƙullin Goshin Guguru

Ranar da Iya Lati ta fara zuwa gidanmu, da hantsi aka ce mu sa ido, amma sai bayan azahar ɗan acaɓa ya dire ta a bakin ƙofa, tana yi masa masifa a kan ramukan hanyar unguwarmu ta Akobo kamar shi ya haƙa su. Mace ce gajera, kakkaura, ta ba wa hamsin baya. Ta rataya jaka a kafaɗa, ta goya 'yar kujerar tsuguno da wani tsohon zane. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi uwargida, sannan ta leƙa bayana.

"Dadi, ina maigidan?"

Na ce mata ai ni ne.

"Ku dai sunanku ne a jikin ƙofa. Ina wanda ya hana kowa sakat?"

Guguru take nufi, karen 'yarmu Feyisara.

Feyi kaɗai Allah ya ba mu. An haife ta da ciwon sikila, ta yi ta fama da shi har ta kai shekarar ƙarshe a jami'a, sannan ya tafi da ita a farkon damina. Ba mu je wurin binnewa ba, a al'adarmu iyaye ba sa zuwa. Ƙanena ya san inda kabarin yake, ni ban sani ba, kuma ba zan tambaya ba. Kafin mu dawo daga gidan yayar matata, inda aka kai mu karɓar gaisuwa, dangi sun riga sun kwashe ɗakinta kamar yadda aka saba: tufafi, littattafai, takalma, hotuna, har labule. Don tausayinmu suka yi. Guguru kawai suka bari, domin ya shige ƙarƙashin gado yana gurnani, babu wanda ya yarda ya zura hannu.

Ƙaramin kare ne fari, irin masu dogon gashin nan da ke zubo musu a ido. Kowace safiya Feyi takan tattara gashin goshinsa ta naɗe da baƙin zare, irin naɗin kitson zare, ya tsaya cirko kamar ƙaho. Safiyar da muka kai ta asibiti ma sai da ta yi masa, tana zaune a bakin gado, ni ina tsaye da makullin mota a hannu. Wannan ƙulli shi ne abu na ƙarshe da hannunta ya yi a gidan. Matata Folawe ta ce kada kowa ya taɓa shi. Ni ma abin da ke raina ke nan.

Shi ma Guguru bai yarda a taɓa shi ko'ina ba. Yana cin abinci, amma da ya hango mataji sai ya yage baki. Haka damina ta wuce a kansa. Gashin ya cukurkuɗe ya manne da fata curi-curi, yana wari irin na tsumman da bai bushe ba. Faratansa suka yi tsawo suka lanƙwashe, har ya koma tafiya a karkace. Gashin da ke gindin ƙullin ya haɗe da na gira, yana jan fatar idonsa na hagu sama, idon yana ta zubar da ruwa.

Mun fara kai shi wani shagon gyaran karnuka mai bangon gilashi a cikin gari. Saurayin da ya karɓe mu bai dubi karen ba, wayarsa yake duba. Ya ce za su yi masa allurar barci, su sa inji su aske shi, mu dawo da yamma. Folawe ta tambaye shi ƙullin fa.

Ya ce, "Duka za mu kwashe, Momi, har da eriyar."

Ta sunkuci karenta ta fita. Daga nan muka wuce wurin Dakta Oyewusi, likitan dabbobin da ke duba shi tun yana ɗan kwikwiyo. Ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa. Ya ce kare ya tsufa, zuciyarsa ta yi rauni, idan aka yi masa allurar barci ba lallai ya farka ba. Ya ce kuma akwai gyambo a ƙarƙashin ƙullin, in ba a buɗe wurin ba idon zai tafi. Da ya ga fuskar Folawe sai ya juyo wurina.

"Na san wata mata da ke yi ba allura, ba ɗaurin baki. Tana da surutu, ku yi haƙuri da ita."

A ranar farko Iya Lati ba ta taɓa karen ba. Ta kafa kujerarta a baranda, ta juya wa ƙofar falo baya, ta kwance ƙullin gyaɗa daga bakin zane tana ɓarewa. Ta ce in zauna in taya ta hira, shi kuma a ƙyale shi ya yi gulmarta daga nesa. A wannan zama da waɗanda suka biyo baya na ji tarihinta, don ba ta jira a tambaye ta.

A Oje aka haife ta. Uwarta mai kitso ce a gindin wata bishiya kusa da kasuwa, kakarta ma haka. Ta fara da riƙe wa uwarta zare, kafin ta yi aure tana iya yarfa wa amarya kitso ido rufe. Ta auri direban tifa, suka haifi Latifu da ƙannensa. Sana'a tana tafiya, har lokacin da matan Ibadan suka koma sayen gashi a leda.

"Gashin wata baiwar Allah daga Indiya, Dadi. A kifa shi a ka kamar kwano, da dare a rataye a ƙusa. To ni in yi wa wa kitso, ƙusar?"

Cikin 'yan tsofaffin da suka rage mata akwai wata matar malamin jami'a a Bodija. Wata rana ta gama yi mata kitso, matar ta nuna mata wani kare da gashinsa ya dunƙule, ta ce ko za ta gwada. Iya Lati ta ce ta yi ta neman tsari a zuci, amma tukunyar gidanta babu komai a ranar. Ta zauna ta warware shi da man alayyadi da tsinken tsifa, kamar yadda ake yi wa yarinyar da ta yi wata uku ba a duba kanta ba. Matar ta gaya wa ƙawayenta. Daga baya ta samu aikin shara a wani asibitin dabbobi a Mokola, ta yi shekaru tana shara tana kallo. A can ta koyi inda jijiya take a cikin farce, da yadda ake goge kunne ba a zurfafa ba, da abin da ya fi ƙarfin mai gyara sai likita.

Musulma ce, kuma ba ta wasa da salla. Kayan aikinta daban, na jikinta daban. In ta gama sai ta nemi bayan gida, ta wanke hannu da ƙasa da ruwa, ta sauya zane, sannan ta shimfiɗa ɗankwali. Duk da haka, ta ce, har yau akwai wata yayar mijinta da ba ta cin amala in ta ji ita ta tuƙa.

"Amma in na kai mata atamfar salla tana karɓa. Atamfa ba ta haushi."

Na tambaye ta ko tana kewar kitson mutane.

"Wani lokaci. Sai dai kare bai taɓa ce min abin bai yi kama da na hoto ba."

Kafin ta tashi a ranar, Guguru ya fito ya shinshina gefen zanenta, ya koma. Ta ce ya isa haka. Ta kuma ce duk ranar da za ta yi aiki, ɗayanmu ya zauna a wurin. Wai duk mai gyaran da ya ce ka ajiye kare ka tafi, ka tambaye shi abin da ba ya so ka gani.

Zuwanta na biyu ta sha cizo. Ta kama ƙafarsa ta baya tun bai gama sakin jiki ba, ya juyo ya kafa mata haƙori a babban yatsa. Na tashi da sauri ina ba ta haƙuri, ina neman takardar rigakafinsa. Ta wanke wurin da sabulu a bakin famfo tana tsaki.

"Ni na jawo. Biki nake saurin zuwa a Apata, hankalina yana kan shinkafa. Ranka ya daɗe, Guguru sarkin ƙazamai, na tuba."

Ba ta je bikin ba. Ta zauna har la'asar tana sosa masa ƙasan haɓa da yatsan da bai ciza ba.

Daga nan aiki ya kankama. Takan shimfiɗa tsohon zane a cinya, ta sa shi tsakanin gwiwoyinta yana kallon waje, yadda ake zaunar da yarinya. Daga wutsiya ta fara, wai mai kitso daga ƙeya take farawa, inda mai kai ba ya gani balle ya yi gardama. Inda gashi zai warwaru, sai ta shafa alayyadi ta bi shi da tsinke daga baki zuwa gindi. Inda ya riga ya mutu, sai ta zura siririn mataji tsakanin fata da curin, ta yanka da almakashi a saman matajin, don kada ƙarfe ya sami fata. Da ya fara haki sai ta sake shi ya je ya sha ruwa. Ba ta taɓa gama fiye da gefe ɗaya a zama ɗaya ba.

Ni dai ina zaune ina riƙe da kwano. A cikinsa take jefa kaskar da ta ciro, wasu sun yi ƙiba kamar wake. A cinyarsa ta sami wasu ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, ta matsa, tsutsa ta fito. Duk abin nan yana ƙarƙashin gashin, muna gida ɗaya da shi. Ranar da ta yanke masa farce, ya sauka ya taka simintin baranda a hankali, yana ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya kamar wanda aka ba aron takalmi. Sai kuma ya ruga har bakin ƙofa ya dawo.

Folawe ba ta fitowa da farko. Ina ganin inuwarta a bayan labulen taga. Daga baya ta koma tsayawa a bakin ƙofa, hannu a harɗe. Wata rana ta kawo ruwan ɗumi a bokiti ba wanda ya aike ta. Iya Lati ta karɓa ta ce, "Momi, Allah ya bar mana ku," ba ta ƙara komai ba. Ta san abin da ya same mu, Dakta ya gaya mata, amma ba ta taɓa yi mana wa'azi ba. Na lura da wannan, domin a watannin nan babu wanda ya shigo gidanmu bai bar mana aya ko karin magana ba.

A hankali aka gama baya, aka gama ciki, aka gama ƙafafu da kunnuwa. Saura kai. Ranar da almakashi ya iso bayan kunne, Folawe ta matso.

"Iya Lati, nan ne iyaka."

"To, Momi."

Ta ajiye almakashin. Ta goge hannu da tsumma, ta ɗan daɗe tana kallon ƙullin. Zaren ya yi datti, ya karkace, amma yana nan yadda aka naɗa shi.

"Wanda ya yi wannan ya iya," in ji ta. "Dubi yadda ya jeru, ba hawa ba sauka."



"Momi, ni ko kun ce in yanke ba zan yanke ba. Uwata ta hana mu sa almakashi a kitso. Kitso tsefe shi ake yi. Kuma a gindin bishiyarmu mai kitso ba ta tsifa. Uwar yarinya ke tsefe mata kai a gida, sannan ta turo ta."

Ta ciro tsinken tsifarta, na katako, ya yi baƙi ya yi santsi don daɗewa, ta ajiye a kan tebur kusa da kwalbar alayyadi. Ta ɗaure kujerarta, ta yi sallama ta tafi.

Tsinken ya kwana biyu a wurin, ba wanda ya ɗauke shi ko don share tebur. Idon Guguru ya kumbura ya rufe. Ya koma goga fuska a ƙafar kujera yana ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Wata safiya muna shan shayi na ce, "Mama Feyi, idon nan ya rufe."

"Na gani. Ni ma ina da ido."

"Ban ce ki yi komai ba."

"Ai ka faɗa."

Ta tashi ta kwashe kofuna, har da nawa da ban gama sha ba.

Da Iya Lati ta dawo, ta tarar da Folawe a baranda ta ɗaura tsohon zane a kan rigarta. Ba ta nuna mamaki ba. Ta kwance kujerar ta miƙa mata.

"Ku zauna a nan, Momi. Waccan kujerar taku ta masu kallo ce."

Folawe ta daɗe ba ta zauna a kujerar tsuguno ba, gwiwoyinta suka yi ƙara. Iya Lati ta zauna a ƙasa, ta ɗora Guguru tsakanin ƙafafun Folawe, ta tallafe masa haɓa da tafin hannu tana yi masa magana.

"Ka natsu, ɗan nema. Yau uwar gida da kanta. Ni ko ranar aurena ban samu wannan gata ba."

Folawe ta ɗiga mai a kan zaren, ta nemi bakinsa da tsinke. An cusa shi ciki, sai da ta daɗe kafin ta zaƙulo. Ta kama ta fara juyawa. Guguru ya yi ƙara, ya fizge kai.

"Dakata, Momi. Ƙara ɗaure shi kuke yi." Iya Lati ta sunkuya ta duba. "Wadda ta naɗa bahaguwa ce?"

Folawe ta ce, "Bahaguwa ce."

"To ku juya ta ɗaya gefen."

Ta juya, zaren ya fara saki. Ta warware zagaye ɗaya, ta tsaya, ta warware wani. Can sai na ji tana magana, ba ni take gaya wa ba, ba kuma Iya Lati ba.

"Kakarta ta yi ta bugun hannun nan da cokali. Ta ce ba za a kai mata jika gidan miji tana miƙa wa surukai abu da hagu ba. Sai yarinyar ta koyi cin abinci da dama in tsohuwar tana nan. Tana fita ta mayar da cokalin."

"Ai bahagwai duk haka suke, taurin kai," in ji Iya Lati. "Latifu nawa ma. Na doka, na doka, yanzu da hagun yake gyaran janareto, da ita yake ciyar da ni."

Folawe ta yi 'yar dariya ta hanci. Hawaye na sauka a kan gashin karen, ba ta share ba don hannuwanta biyu suna aiki. Ni kuma ina riƙe da kwalbar mai, ina ɗiga mata in ta miƙo tsinke. Abin da aka ba ni ke nan, shi na yi.

Zaren ya fita duka, bai tsinke ba. Ya nannaɗe a tafin hannunta kamar yadda ya saba zama. Amma gashin da ke ƙarƙashinsa bai warware ba, ya riga ya zama dunƙule guda, ya manne da gyambon. Folawe ta gwada da tsinke, Guguru ya yi kuka. Ta sake gwadawa ta wani gefe. Sannan ta ajiye tsinken.

"Wannan ba kitso ba ne yanzu," ta ce. "Yanke."

Iya Lati ta zura mataji a hankali, ta yanka. Fatar idon ta sauko mazauninta. Gyambon bai kai girman da na zata ba, amma ya yi zurfi, ta ce wannan na Dakta ne, ita ba za ta sa masa komai ba sai ruwan gishiri. Ta jiƙa auduga ta goge kwantsar da ta bushe. Idon ya ɗan buɗe, ja wur, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya kalli Folawe da shi.

Iya Lati ta tattara gashin goshin daban, ba ta haɗa shi da na shara ba. Ta naɗe a ganyen ayaba da ta tsinko a bayan gida, ta miƙa wa Folawe da hannu biyu, wai ba a barin gashin kai a hannun mai kitso. Folawe ta haɗa da zaren ta shiga ciki. Ban tambaye ta inda ta ajiye ba.

Da ta fito, Iya Lati ta riga ta yi masa wanka. Ba gashi, ya koma ɗan mitsitsi, kunnuwa a faɗe, idanu tulu-tulu.

"Ashe dai mummuna ne," in ji Iya Lati. "Duk wahalar nan a kan ɓera muka sha."

"Ki iya bakinki, Iya Lati. A gidansa kike."

Dakta Oyewusi ya duba shi a yammacin ranar. Ya ce idon zai tsira, ko da zai bar ɗan hazo a gefe. Folawe ce ta riƙe shi a mota, zuwa da dawowa, naɗe cikin tawul, don tun da aka yi masa wanka yake rawar ɗari. Mun rage wa Iya Lati hanya zuwa Oje. Tana ta ba ni labarin wani karen ɗan sanda da ya fi ubangidansa hankali, sai Folawe ta katse ta.

"Sanyi yake ji. Kin san telan da zai ɗinka masa 'yar riga kafin gashin ya fito?"

"Momi, so kuke a kore ni daga unguwa gaba ɗaya." Ta yi ɗan tunani. "Akwai wani a bayan masallacinmu. In na ce masa ta jariri ce mai hannu huɗu, ba zai tambaya ba."

"To ki auna shi kafin ki sauka."

Na tsaya a gefen titi. Iya Lati ta juyo daga kujerar gaba, ta buɗe tawul ɗin, ta auna bayansa da taƙi, daga wuya zuwa gindin wutsiya.